Sunan Hajiya Rabi a Bango

Ba zan taɓa mantawa da hutun da 'yata Hafsa ta gama nazare ba, don a hutun ne na tara wa kaina 'yan kallo a unguwarmu ta Sabo. Takardar sakamakon da ta kawo daga makarantarsu ta wajen Mokola ta ce ko harafi ɗaya ba ta iya rubutawa. Raina ya ɓaci. A gabanta na ce da babanta yarinyar nan ba ta da kai, a cire ta kawai ta zauna tana miƙo mini leda in na zo ƙulla awara. (Shekararta biyar fa. Ni sai da na kai takwas na iya rubuta sunana, amma wannan ban faɗa wa kowa ba.)

Mako uku da hutu, bayan la'asar, na shiga ɗakin surukata Hajiya Rabi, inda kwanukanta suke jibge tun rasuwarta bara. Gidan shiru. A jikin bango, ƙasa-ƙasa, an rubuta RABI da gawayi, harafin farko a juye. Na yi maza na goge. Washegari ya dawo, guda biyu. Rana ta uku biyar ne a jere, sun nufo ƙofa. Na ji kamar ana kallona ta bayan labule.

Maƙwabciyata Maman Sadiya ta leƙa, ta ja da baya. "Wallahi mutanen ɓoye ne, su ke rubutu a juye. Kin taɓa ɓata wa tsohuwar nan rai?"

Na taɓa mana, ba sau ɗaya ba.

Aka kira malam, aka kunna turare, mata suka cika tsakar gida har da Iya Basira mai sayar da tuwon amala. Malam na karatu, hayaƙi na tashi, tsoro ya kwance mini baki. "Hajiya, ki yafe mini," na ce da ƙarfi, "ni na fasa madubinki na ce kaza ce!"

Ban rufe baki ba Hafsa ta ratso tsakanin ƙafafun mutane da gawayi a hannu. Ta kife wata langa, ta tsuguna tana kallon gindinta, inda Hajiya ta rubuta sunanta da jan farce don kada ta ɓata a gidan biki. Ta juya wajen bango, ta ciji harshe, ta kwafa. Wannan karon ma harafin farkon ya miƙe.

Malam ya yi gyaran murya. Iya Basira ta toshe baki da zani. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige.

"Mama, in goge?" in ji Hafsa. "Ina so in gani ne ko ina da kai."

Wannan ta fi dariyar matan yi mini ciwo. Na rungume ta.

Da aka koma makaranta na kai ta da kaina. Malamarsu ta yi murmushi ta ce, "Iya Hafsa, haka yara suke, wata uku shiru, rana ɗaya su ɓalle." Tun daga nan in takarda ta zo, nakan tuna labarin ranar da aka cika ta kawai take bayarwa. Matan unguwa har yau suna tambayata lafiyar kazar nan. Rubutun kuwa yana nan a bango, na hana kowa gogewa.