Filastar Tasi'u

Wani mutum ne a unguwarmu, Tasi'u, wanda ba a taɓa ganin guminsa ba, sai dai a ji labarinsa, shi ma daga bakinsa. Duk aikin da ƙungiyar matasan unguwa ta fito yi, yashe kwata ne ko sharar maƙabarta, sai an gama zai ɓullo, ya ari shebur ya ɗauki hoto. A haka wai shugabancin ƙungiyar yake nema, ga zaɓe saura kwana uku.

Sai aka shirya ba da jini kyauta a asibitin unguwa ran Asabar, saboda masu haihuwa. Tasi'u ya bugi ƙirji a majalisa: "Ni da na saba? Jinina har gudu yake yi, sai an riƙe ledar!" Alhali mutumin nan ko allurar zazzaɓi sai an danne shi.

Ranar da safe gogan naka ya biya kemis, ya sayi auduga da filasta, ya laɓe bayan shago ya manna a damtse. Ya shigo asibiti yana wani layi, hannun riga a naɗe don kowa ya gani.

"Kun makara," ya ce wa matasan. "Ni tun ɗazu aka ɗebi nawa. Ina lemon da ake ba mu?"

Nas ɗin, Sista Rakiya, ta dube shi sama da ƙasa.

"Malam, wa ya ɗebi jininka?"

"Wata 'yar'uwarki ce."

"Ni kaɗai ce a nan tun safe. Kuma a damtse? Ai nan jarirai ake yi wa rigakafi."

Wuri ya kaure da dariya. Nafi'u, abokin takararsa, ya miƙa hannu, fyaut, ya ɓare filastar. Fata sumul, ko cizon sauro babu.

Kunya ta ishi Tasi'u, ya hau borinta. "To ga ni, a ɗeba yanzu a gaban kowa!"

"Bismillah. Kawo yatsa mu gwada tukuna."

Ta ɗan tsikare shi. Jini ya tsattsafo kamar ƙwayar gero. Tasi'u ya kalla, ido ya juye, sai ji kake rim!

Ƙarti huɗu suka cicciɓe shi zuwa gado. Da ya farfaɗo, ya ga allura a hannunsa, ga leda rataye a sama, ga 'yan ƙungiya sun kewaye shi. Nan take ya gyara murya.

"Kun gani ko? Sista, leda nawa na bayar?"

"Kwanta, Malam. Ruwa muke ƙara maka."