Tanimu da Reshen Tuffa na Ƙarshe

Bayan yabo ga Mahaliccin ganye da saiwa, wannan tarihin Tanimu ne ɗan Hashimu, jikan Barau Mai-tuffa na kan tsaunin Mambila, magajin gida, garkuwar zuri'a, sadaukin da bai taɓa gudu daga fagen fama ba, domin bai taɓa zuwa ba.

Gadon da kakansa ya bari guda ne: bishiyar tuffa a bayan gida. 'Ya'yanta ƙanana ne, dabbare-dabbare, munana dai, amma in ɗaya ta kwana a ɗaki har tufafi sai sun ɗauki ƙanshi. Tsami ke fara yi wa harshe sallama, zaƙi ya biyo baya. Gwaggo Dije, 'yar Barau da ta rage, takan rantse cewa tuffar nan ce ta riƙe mata haƙoranta, duka ukun. Ta kasuwa kuwa, mai sheƙi kamar gogaggen takalmi, cewa take soso ne aka jiƙa.

To, tsufa ya ci bishiyar. Reshe ɗaya ya rage da rai, can ƙololuwa, ɗauke da tuffa ɗaya tal. In ya mutu, irin Barau ya ƙare a duniya. Sha'aibu malamin gona ya zo ya duba, ya ce kada a taɓa reshen, jibi zai dawo da wuƙarsa.

Maganar wuƙar nan ta tsaya wa Tanimu a rai. Wani bare ne zai sa wa gadon kakansa ƙarfe, shi yana raye? Bai tambayi abin da za a yi da wuƙar ba, manya ba sa tambaya. Ya ƙudura zai ceto iri kafin maƙiyi ya iso.

Washegari da hantsi, gwarzon zamani, tauraron dangi, ya naɗe ƙafar wando, ya yi ɗamara da kallabin matarsa, ya jingina tsanin da ko kaza sai ta yi shawara kafin ta hau, ya ɗaga kai ya dubi sama da idon wanda ya riga ya yafe duniya. Yana cikin hawa, rundunar cinnaku ta yi masa kwanton ɓauna, ta kutsa ta ƙafar wando har fadar mulki, amma ya jure da haƙurin shahidai, sai ɗan hawaye da masu tarihi suka ce zufa ce.

Da yatsunsa suka kama tuffar ya yi kururuwa, "Sai ni na Barau, mai hawa ba saukowa!"

Bishiya ba ta amince da ƙarshen kirarin ba. Reshe ya karye, jarumi ya sauko tare da shi a kan akurki, kaji suka watse babu ko mubaya'a. Amma tuffa tana hannu.

Ya ɗingisa zuwa tsakar gida ya ba da umarnin shayin nasara. Reshen da ya kayar da shi kuwa aka yanke masa hukuncin maci amana: aka sassare, aka cusa a murhu. Ya yi hayaƙi, ya yi gardama, daga baya ya kama wuta. Aka yanka tuffa, Gwaggo ta tsotsi kasonta ido rufe, ta tuna mahaifinta har ta yi ƙwalla. Tanimu ya ƙulle ƙwayoyin a hankici.

Da Sha'aibu ya dawo, jarumi ya kwance ƙullin a gabansa.

"Malam, ka makara. Ga iri, ba da wuƙarka ba."

Sha'aibu ya daɗe yana kallon hankicin. "Malam Tanimu, ƙwayar tuffa ba ta maimaita uwarta. In ka shuka, wata daban za ta fito, wataƙila ko akuya ta ƙi ta. Tsinke nake so in yanko daga reshen, in ɗaura a kan ƙaramar bishiya su haɗe. Ko tsawon yatsa ya isa. Ina reshen?"

Garkuwar zuri'a ya dubi ƙasa, ya dubi kaji.

Gwaggo Dije ta nuna murhu da sandarta.

"Ga Baba can, ɗan nan," in ji ta. "Amma shayin ya yi daɗi."