Ranar da Na Raba wa Matar Meksiko Gira

Matso kusa ki ji, 'yar'uwa, wannan ba zancen ɗaga murya ba ne. Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kusa kayar da autata Luba jarrabawa da reza ɗaya tal.

Ni dai na daɗe ina yi wa amare kwalliya a Unguwar Rogo, kuma idona bai iya ganin gira a hargitse ya ƙyale. Luba kuwa zane take karantawa a kwaleji. Aikinta na ƙarshe, wanda a kansa za a ba ta sakamako, shi ne ta kwaikwayi hoton da wata mai zane 'yar Meksiko ta yi wa kanta. Wata biyu tana fama da fenti.

Ana gobe za a nuna aikin, ta jingine shi a ɗakina ta tafi kitso. Na leƙa. Mace kyakkyawa, furanni a ka, amma gira a haɗe kamar an ja da gawayi, ga ɗan gashin baki. Na ce wayyo, ɗiyata ta gaji, hannu ya zame. (Allah shaida, taimako na yi niyya.) Na kankare tsakiyar da reza, na shafe da hoda, na ja sirara biyu da jagira. Gashin bakin ma na sallame shi. Na naɗe hoton da zani, na ce kada ta kwance sai mun isa, don kar ya goge a keke.

Washegari a kwaleji, zaure cike da malamai da iyaye, Luba ta yaye zanin.

Malaminsu ya ce, "Lubabatu, wace ce wagga?"

Luba ta juyo wurina. "Inna, mi kika yi?"

Ni kuwa har da gyara gyale. "Ni na gyara ta, Malam. Ba sai an gode ba."

Ya cire tabarau. Ya ce matar nan mota ta karairaya ta tun tana budurwa, a kwance ta riƙa zane da madubi bisa gadonta, kuma da gangan take zana kanta yadda take. Da girar nan duniya ta san ta. "Hajiya, har ta mutu ba wanda ya iya raba girar ga, sai ke."

Aka kwashe da dariya, Luba na hawaye. Na ce, "Malam, don Allah ni za ka kayar, ba ita ba."

Ya ba ta mako guda. Ta sake zanawa a ɗaki kulle, makulli rataye a wuyanta, ta kuma ci.

Tun ranar, ko amarya sai na tambaye ta kafin in ɗauki reza. Amma tsakaninki da Allah, da ke kika ga girar nan, ga reza kusa, da kin iya riƙe hannunki?