Ranar Da Na Yi Huɗa Da Lemar Alƙali

Abubuwa da yawa sun shige mini, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da aka shigo da gangar noma kotunmu ba. Lokacin ban daɗe da samun aikin akawu a wata ƙaramar kotu a yankin Talata Mafara ba, ba a ma tabbatar da ni ba, ina zaman gwaji ne. Alƙalinmu kuwa mutum ne da ba ya son ko tari a zaurensa. Akawun da na gada, wayarsa ce ta yi ƙara ana tsakiyar shari'a, washegari aka neme shi aka rasa. Saboda haka ni ko numfashi a hankali nake yi, ga babbar riga mai sitati, ga tabarau (idona lafiya lau, don dai a ga alamar boko).

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, ni jikan Sarkin Noma ne a Tsibiri, can ƙasar Maradun. A gidanmu akwai take, wato kiɗan da ake yi mana mu kaɗai ranar gayya. Duk namijin gidan da ya ji shi sai ya yi tsuma: jiki ya ɗauki rawa, ido ya rufe, ya suri galma ya faɗa gona. Na tafi makaranta tun ina ƙarami, na ɗauka biro ya warkar da ni.

Ƙarar da aka kawo ta wani ɗan takarar kansila ce. Ya je yaƙin neman zaɓe wata gona da ake gayya kusa da gari, ya kafa lasifika, manoma suka ajiye aiki suka kewaye shi. Yana cikin alkawarin taki sai wani tsohon makaɗi mai suna Ɗanjimma ya saki ganga, jama'a suka watse suka koma huɗa, suka bar shi da lasifikarsa da direbansa. Shi ne ya ce abokan hamayya suka sayi tsohon don ya tarwatsa masa taro. Aka kama Ɗanjimma, aka kama ganga.

Ina ɗaga kai na ga wanda aka shigo da shi, nan take na gane shi. Mutumin Damaga ne, shi yake yi wa kakana kiɗa tun ina bin masu kai fura gona. Bai gane ni ba, ni kuma na ƙara tura tabarau na dulmiya kai cikin takarda. Ya kamata in tashi in gaya wa alƙali na san shi. Tsoro ya hana ni.

"Allah shi gafarta Malam," in ji Ɗanjimma, "ni ban san jam'iyya ba. Rana ta nig ga tana yi, aiki ya tsaya, niy yi musu takensu. Ɗan gidan noma ba shi jin kiɗin ga shi tsaya, ko gaban wa shike."

Ɗan takara ya miƙe yana gyara hula. "Ƙarya ta, Allah shi gafarta Malam. Babu kiɗin da za shi sa mai hankali shi bar abin da shikai. Shiri na anka yi min."

Alƙali ya kama shafa gemu. Ni kuwa ina addu'a a zuci, Allah Ka sa a ɗage, Allah Ka sa a yi sulhu, Allah Ka sa a ɗauke wuta (ban san me wuta za ta hana ganga ba, amma na roƙa). Sai na ji ya ce, "A ba shi gangar. Kotu na son ta ji da kunnenta."

Gumi ya karyo mini. Na yi tunanin in nemi izinin zagayawa, na tuna babu mai rubutu sai ni. Na sa ƙafar dama na take ta hagu. Na cije leɓe. Na ce wa kaina, kai fa mai difloma ne, gangar me.

Ɗanjimma ya rataya ganga, ya ɗan gwada ta, ban ji komai ba, har na fara murna. Sannan ya gyara tsayuwa ya ce, "Wanga shi na niy yi ran nan, taken gidan Sarkin Noman Tsibiri, don ɗiyan gidan anka gayyato su ja gayyar." Ya saki.

Kafaɗata ta hagu ce ta fara cin amanata. Na danne ta da hannu, ta dama ta karɓa. Biro ya fara rubuta abin da ba Hausa ba, ba Larabci ba. Na ji gashin jikina ya tashi, na ji ƙanshin ƙasar da ruwa ya daka, alhali siminti ne a ƙarƙashina. Daga nan abin da zan faɗa muku, masinjan kotu ne ya ba ni labari, don ni ban san inda kaina yake ba.

Wai na yi wurgi da tabarau, na naɗe babbar riga a ƙugu, na tsallake tebur. Na duba babu galma, sai lemar alƙali da ke jingine a bango. Na sure ta, na duƙa, na kama huɗa tun daga gaban alƙali har bakin ƙofa, na juyo na ɗauko wani layin. Mata suka janye ƙafafu. Ɗan sandan kotu, wai maimakon ya kama ni, matsar da benci ya yi don in wuce. Da na iso gaban ɗan takara na ɗaga lema sama na yi kirari: "Sai ni ɗan Tsibiri, jikan Sarkin Noma, mai ƙare gona tun hura ba ta iso ba!"

Ganga ta tsaya. Hankalina ya dawo, na tsinci kaina ba hula, takalmi ɗaya, lema ta karye biyu a hannuna. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Ɗanjimma ya leƙo fuskata ya ce, "Ashe kai na. Ina tsohonka?"

Alƙali ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "Malam akawu, koma ka zamna ka rubuta." Haka na zauna, yana faɗa ina rubutawa, cewa kotu ta ga da idonta abin da kiɗan yake yi wa mai hankali, har ma da mai tabarau. Ya kori ƙara, ya ce babu dokar da ta hana manomi jin takensa a gonarsa, a mayar wa tsoho gangarsa. Ni kuma ya ce in same shi a ofis.

Na shiga ina lissafin yadda zan koma Tsibiri in ce an kore ni saboda noma a kan siminti. Na durƙusa na fara ba da haƙuri, ya ɗaga mini hannu, ya tashi ya tura ƙofa.

"Laihinka guda na," ya ce. "Ka san mutumen, ba ka hwaɗa ba. Kak ka sake." Ya yi ƙasa da murya. "Ni gidan mahauta nih hito. Da kalangu anka kawo, ɗage shari'ar ga za ni yi. Tashi ka nemo min lema."

Ban rasa aikin ba, amma har yau in zan wuce, masinja sai ya ɗan ƙwanƙwasa tebur da yatsu yana kallon kafaɗata. Na daina sa tabarau. Kuma duk sabon alƙalin da aka kawo mana, tun ranar farko nake gaishe shi in gaya masa gidan da na fito, sannan in ɗauke lemarsa daga jikin bango.