Auren da Na Ɗaura wa Kakana

Har yau haushin Isuhu nake ji, direban nan ɗan Maraɗi.

Injiniyan da nake tuƙawa a Dir'iyya, nan Saudiyya, mutumin Scotland ne. Wata uku yana tonon tsofaffin littattafan coci a kwamfuta, yana neman shaidar auren kakannin kakanninsa, wai lokacin gwamnatinsu ba ta fara rubuta aure ba. Na ce, "Ya mudir," wato oga, "mu ba ruwanmu da takarda, a ka muke riƙewa. Kakana Malam Sule, matarsa Hajara." Don in burge shi na kira Gwaggo a gida, na buɗe muryar wayar kowa ya ji.

Gwaggo ta yi salati. "Kai, ka kiyaye ni. Uwata Asabe ce. Hajara matar maƙwabcinmu ce. Wa ya ɗaura mata aure da ubana, kai?"

Isuhu da ke tsaye a gefe, ba wanda ya sa shi, ya fassara wa Baturen tas. Baturen ya gyaɗa kai, ya ce shi ya sa suke rubutawa.

Yanzu ko shayi na je sha, sai wani ya ce, "Liman, yau matar wa za a ɗaura?"