Zoɓon da Na Tara wa Jami'a

Ba zan taɓa mantawa da hutun da na yi a Gagarawa ina aji uku a jami'a ba, don har yau in na ga mai sayar da zoɓo a tasha sai na kau da kai, kamar wanda ya hango surukinsa.

A shekarar ne sashenmu na aikin gona ya buɗe wata dama ga ɗaliban da suka fi maki. Malami zai ɗauki 'yan kaɗan su yi bincike na gaske tare da shi, kuma in aikin ya fito a mujallar masana, sunan ɗalibi zai hau kusa da na malaminsa. Ga wanda yake mafarkin digiri na biyu, wannan ba ƙaramin tsani ba ne. Wata malama da kowa ke tsoro, wadda muke kira Dakta kawai, ita ta zaɓe ni tare da wasu biyu, Bashir da Sadiya. Daga ranar da aka liƙa sunayen, tafiyata ma ta canza. (Abokan ɗakina sun ce har tarina ya koma irin na farfesoshi. Ban musa ba.)

Aikin a kan zoɓo ne. Masu fitar da shi waje suna kukan wani yakan zo da ƙasa da fumfuna, sai Dakta ta so ta gano ko yadda manomi ke shanya shi ne ke jawo haka. Wani a ƙasa yake bazawa, wani a tabarma, wani a kan rufin ɗaki. Tunda ni ɗan yankin ne, aka ba ni Gagarawa da Sule Tankarkar da Maigatari. In je wurin manomi, in karɓi ɗan zoɓonsa, in zuba a ambulan ɗinsa daban, in rubuta yadda ya shanya a jikin ambulan ɗin. Sharaɗi ɗaya ta maimaita har ya ishe mu: kada na wani ya haɗu da na wani.

Na sauka a gidan kakata, Iya, wadda tun ina cikin zanen goyo take kirana maigidanta, kamar yadda kakanni ke tsokanar jikoki. Kullum da safe in zura farar rigar ɗakin gwaji, wadda babu wanda ya ce in sa, in hau acaɓa in nufi ƙauye. A kasuwar Maigatari wani Bafulatani ya janyo ni in duba masa saniya, ya ɗauka mai allurar dabbobi ne. Maimakon in ji kunya, daɗi na ji.

Da yamma in dawo da ambulan-ambulan, in jera su a kwali a ƙuryar ɗakin Iya, don nan ne babu danshi kuma akuya ba ta shiga. Ranar farko ta leƙa ta ce, "Maigida, yau kuma zoɓo aka kawo mana a cefanen?"

Na ce, "Iya, wannan samfur ne."

"Sam me?"

"Harkar kimiyya ce. Ba za ki gane ba. Ki dai adana min."

Ta sake tambaya bayan kwana biyu, da ta ga kwalin na cika. Na sake ba ta amsar nan, ina latsa waya, ko ɗago kai ban yi ba. Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ta ci gaba da tsince shinkafarta. Ba ta ƙara tambaya ba.

Ana nan sai Dakta ta bugo waya, ta ce za su biyo daga Gumel ita da su Bashir, ta duba abin da na tara su wuce da shi makaranta. Na samu Iya na yi mata lakca. Na ce manyan baƙi ne daga jami'a, mutanen da suka zaga duniya, saboda su nake ta wannan wahalar tun da na zo. Na ce, "Don Allah Iya kada ki ba ni kunya. Duk abin da ya fi kyau a gidan nan shi za a fitar musu." (Ku riƙe wannan maganar, da bakina na faɗe ta.) Da safe na hau mota na tafi Gumel tarbo su, wai kada su ɓata, a hanyar da ko makaho ba zai ɓata ba.

Muka iso rana ta take. Iya ta share tsakar gida, ta shimfiɗa sabuwar tabarma a ƙarƙashin darbejiya, ta yi dambu da zogale. Bayan an gaisa sai ta fito da wata ƙatuwar kula, ta buɗe. Zoɓo ne jawur, ya sha citta da kanumfari, ga ƙanƙara da ta aika aka sayo tana yawo a sama. Ni na karɓi ludayi na zuzzuba wa kowa. Dakta ta kurɓa ta lumshe ido, ta ce rabonta da zoɓo irin wannan tun tana yarinya.

Da na yi shiru a nan, da da sauƙi. Amma ina! Sai na ɗaga kofina sama ina duba shi a hasken rana, na gyara murya na ce, "Dakta, ki lura da kaurin launin nan. Ni yanzu daga ɗanɗano ma nakan gane. Wannan na Gagarawa ne zalla, shanyar tabarma, babu gauraye." Sadiya ta kalle ni da mamaki, ni kuwa na ɗauka burgewa ce. Na shanye na ƙara, har ya ɗiga a gaban farar rigar.

Dakta ta ajiye kofi ta ce, "To masani, kawo mana aikin mu gani."

Na shiga ɗaki ina taku ɗai-ɗai. Kwali yana nan inda na bar shi. Na ɗaga sai na ji shi sakayau. Na buɗe, babu ko ɓawo ɗaya. Na duba ƙarƙashin gado, na duba bayan randa, har cikin kwallayen Iya na buɗe. Na leƙo ta labule na yi ƙasa da murya na ce, "Iya, zo mana."

Iya ba ta san raɗa ba. Daga bakin murhu ta amsa da muryar da maƙwabta ma sun ji: "Me kake nema?"

"Kayan da ke cikin kwalin nan."

"Zoɓon baƙi? Ai shi kuke sha! Na ce yaron nan ya yi hankali, ya bi gari-gari ya tsinto wa malamarsa mai kyau. Na juye su wuri ɗaya na wanke tas. Wani ma duk ƙasa, sai da na sake ruwa."

Na ce, "Takardun da na zuba su a ciki fa?"

"Da su na hura wuta, itacen ɗanye ne."

Na fito da kwali a hannu, leɓena jawur, rigata da ɗigo. Bashir ya ƙware, zoɓo ya biyo masa ta hanci, ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Dakta ta daɗe tana kallon cikin kofinta. Na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Da ta ɗago, ba ni ta kalla ba. Ta dubi Iya ta ce cikin ladabi, "Iya, bai gaya miki ko na mene ne ba?"

"Na tambaye shi, 'yar nan, har sau biyu. Ya ce ba zan gane ba."

Wallahi da mari ta yi min da ya fi min sauƙi. Dakta ta ce, "To, gaya mata yanzu. Da Hausa. Muna ji."

Na tsaya ina kame-kame, sannan na ce ana so ne a gane wace shanya ce ta fi tsabta, shi ya sa aka raba na kowa daban, in an haɗa aikin ya lalace. Iya ta jira in ci gaba. Da ta ga na gama ta ce, "Shi ke nan? Wannan ne ba zan gane ba?"

Sai kuma fuskarta ta sauya. Ta dubi kular, ta dube ni, ta ce a hankali, "Ashe karatunka na dafa." Kafin in ankara tsohuwar nan ta dafa ƙasa za ta durƙusa wa Dakta, tana cewa a yi wa yaron afuwa, laifinta ne, jahilci ne. Dakta ta yi wuf ta riƙe ta, ta ce, "Subhanallahi Iya, ba ke ce mai ba da haƙuri a gidan nan ba." A nan dariya ta ƙare wa kowa. Na ga idon Iya ya kawo ruwa saboda abin da ni na jawo, kuma ban taɓa jin na tsani kaina kamar lokacin ba. Na tuɓe rigar na durƙusa a gabanta, a gaban su Sadiya, na ba ta haƙuri.

Washegari na koma ƙauyukan ko zan sake tarawa, amma aikin gama ya gama. Manoma sun sayar, 'yan kasuwa sun haɗe na kowa a buhuna, sai kuma baɗi. Dakta ba ta kore ni ba, ta dai mayar da ni wankin kwalabe a ɗakin gwaji har ƙarshen zango, su Bashir na auna samfuran da suka taro daga nasu yankunan ina ɗauraya.

Da takardar binciken ta fito a mujalla na bi sunayen marubuta a hankali, ko an yi kuskure an sa ni. Ba a yi ba. Amma a can ƙasa, wurin godiya, Dakta ta rubuta tana gode wa Hajiya Hauwa ta Gagarawa, wato Iya, saboda karamcinta. Na kai wa Iya na fassara mata kalma-kalma, wannan karon ba tare da ta roƙa ba. Ta gyara ɗaurin kallabi ta ce, "To maigida, kai a ina aka sa naka?"

Na ce ba a sa ba.

Ta ce, "Ka ci gaba da ƙoƙari, wata rana za ka kamo ni."

Tun daga nan na ɗauki darasi. Duk wanda ya tambaye ni abin da nake yi, ko a layin shan mai ne, sai na zaunar da shi na yi masa bayani har ya gaji ya gudu. Musamman in yana da tukunya.