Takardun da Suka Toshe Sanyin Motata

Ranar da iyakwandishan ɗin motata ya daina sanyi, ban ɓata lokaci ba wajen gano mai laifi. Littafin da nake rubuta tarihin motar a ciki ya nuna cewa makonni uku kacal da suka wuce Bitrus, bakanikena a Sabon Gari, ya ɗura masa gas. Na zauna a ofishina a Samaru na rubuta ƙara mai shafi biyu zuwa ga shugaban kanikawan garejin, ina neman a dakatar da shi.

Na isa garejin jiƙe da gumi, na karanta ƙarar da babbar murya a gaban kowa. Bitrus ya karɓi makulli. Ya kunna motar, ya kara tafin hannunsa inda iska take fitowa, sannan ya buɗe aljihun ajiyar kaya da ke gaban kujerar fasinja.

"Ranka ya daɗe, me kake ajiyewa a nan?"

"Muhimman bayanai," na ce.

Ya cire aljihun, ya zura hannu bayansa, ya zaro takardu goma sha ɗaya da fanka ta zuƙe suka toshe hanyar iska, kowacce ɗauke da rubutun hannuna. Nan take sanyi ya bugi fuskata. Shugaban ya tambaye ni, cikin cikakken ladabi, ko ita ma ƙarar a ajiye ta can.

Har yau in na wuce garejin, sai wani ya ɗaga murya: "Malam, mota tana sanyi, ko ta koma karatu?"